Kafin ka zuba kuɗi a gida a Ingila: yadda ake lissafa tasirin siyasa a kan takarda

Ranar Juma'a 23 ga Satumba 2022 ministan kuɗin Birtaniya na lokacin, Kwasi Kwarteng, ya sanar wa majalisa rage haraji na kusan fam biliyan 45 ba tare da ya faɗi inda za a cike giɓin ba. Zuwa Litinin darajar fam a kan dala ta faɗi zuwa matakin da ba ta taɓa kaiwa ba, bankuna suka janye ɗaruruwan tsare-tsaren bashin sayen gida daga kasuwa, kuma a cikin Oktoba matsakaicin kuɗin ruwa a kan bashin da aka ƙayyade na shekara 2 ya haura kashi 6 cikin ɗari. Wanda ya gama ciniki yana neman banki ya sa masa hannu ya wayi gari lissafinsa ya rushe, alhali ko bulo ɗaya bai motsa a gidan ba.

Wannan bayani na mai niyyar sayen gidan haya ne a Ingila, ko mai son gina 'yan gidaje ya sayar, yana zaune a can ne ko daga gida yake tura kuɗi. Dokokin da za a ambata na Ingila ne. Sikotilan da Wales kowacce tana da nata harajin sayen gida da nata dokokin haya, kada a haɗa su.

Ƙa'ida ɗaya za ka riƙe tun daga farko. Duk abin da gwamnati ta ce za ta ɗora maka, haraji ne ko sabon sharaɗi, ka shigar da shi lissafi tun ranar da aka furta. Duk abin da ta ce za ta ba ka, tallafi ne ko layin dogo ko sassauci, kada ka ƙirga shi sai ya shigo hannu. Dalilin kuwa shi ne ba da gudu ɗaya suke tafiya ba. Ƙarin harajin sayen gida na biyu an sanar da shi 30 ga Oktoba 2024, ya fara aiki washegari. Layin jirgin ƙasa na HS2 kuwa mutane sun yi shekaru suna sayen gidaje da sunan zai iso Leeds da Manchester, sai aka soke reshen Leeds a Nuwamba 2021, firaministan lokacin Rishi Sunak ya soke na Manchester a Oktoba 2023.

Kuɗin ruwa: wa ke yanka shi, kuma yaya za ka gwada kanka

Ba gwamnati ce ke yanka kuɗin ruwa kai tsaye ba. Tun 1997 aka bar wa Babban Bankin Ingila wannan aiki. Kwamitin mutum 9 ke zama sau 8 a shekara, kuma abin da aka ɗora musu shi ne su riƙe hauhawar farashi a kashi 2 cikin ɗari. Da hauhawar ta kai kashi 11.1 a Oktoba 2022, bankin ya yi ta ɗaga ma'auninsa na kuɗin ruwa, daga kashi 0.1 a ƙarshen 2021 har zuwa 5.25 a Agusta 2023, bai fara saukowa ba sai Agusta 2024.

Sai dai ga inda mutane da yawa ke kuskure. Bashin da ake ƙayyade wa kuɗin ruwa na shekara 2 ko 5 ba ma'aunin babban banki na yau yake bi ba. Yana bin hasashen kasuwa ne game da shekarun da ke tafe, kuma hasashen yana tafiya tare da ribar da masu ba gwamnati rance ke nema a kan takardun bashinta, waɗanda ake kira gilt. In 'yan kasuwa suka ga kasafin kuɗi bai tsaya da ƙafafunsa ba, sai su nemi riba mai yawa, bankuna su bi sahu cikin kwanaki. Saboda haka abin lura kafin kasafin kuɗi da bayansa shi ne ribar gilt na shekara 5 da na shekara 10, da kuma rahoton OBR, ofishin da aka kafa a 2010 don ya tantance lissafin gwamnati. Cikin abubuwan da suka firgita kasuwa a 2022 har da fitar da sanarwar ba tare da rahoton wannan ofishi ba.

Gwajin da za ka yi mai sauƙi ne. A ce gidan fam 200,000 ne, ka ba da kafin alƙalami kashi 25, wato fam 50,000, ka ranci 150,000 a tsarin da ake biyan ruwa kawai kowane wata, wanda shi ne aka fi yi a gidajen haya. A kashi 2, fam 250 za ka biya a wata. A kashi 6, fam 750. In hayar gidan fam 1,000 ce, a lissafin farko kana da sarari, a na biyu kuwa da zarar an cire kason dillali da inshora da gyara babu abin da ya rage. Ka ɗauki kuɗin ruwan da aka yi maka tayi, ka ƙara masa maki 2, ka sake lissafi. Gidan da bai iya ɗaukar wannan ba, ka bar shi.

Bankin ma irin wannan gwaji yake yi. Yawanci yana so hayar ta kai kashi 125 na kuɗin ruwa, ko 145 ga mai biyan haraji a babban mataki, kuma sau da yawa da kashi 5.5 yake aunawa ko da tayinsa bai kai haka ba. A bashin 150,000 wannan na nufin haya kusan fam 860 a wata, ko kusan 1,000. Matsalar takan fito ne ranar sabunta bashi: wa'adin shekara 2 ya cika, ma'aunin gwaji ya hau, hayar ba ta kai ba, sai banki ya ce ka kawo ƙarin kuɗi ko ka koma kan farashinsa na yau da kullum mai tsada. Bankuna da yawa suna bari ka kulle sabon farashi kusan wata 6 kafin wa'adi ya ƙare. Ka yi amfani da wannan dama, musamman in kasafin kuɗi ko zaɓe zai faɗo a tsakani.

Mai gudun riba yana da mafita, domin akwai bankuna irin su Gatehouse Bank da ke sayen gida tare da kai, kana biyan hayar kasonsu kana saye a hankali. Amma hayar da suke yankawa ita ma kasuwar take kallo, don haka gwajin nan ya shafe ka.

Harajin saye

A nan ne masu zuwa daga waje suka fi shan mamaki. Tun 1 ga Afrilu 2025 matakan harajin sayen gida su ne: babu komai a kan fam 125,000 na farko, kashi 2 daga nan zuwa 250,000, kashi 5 zuwa 925,000, kashi 10 zuwa miliyan 1.5, kashi 12 a kan abin da ya haura. A kan wannan ake ɗora kashi 5 na dukkan farashin in kana da wani gida, sannan wani kashi 2 in ba ka yi kwana 183 a Birtaniya ba cikin wata 12 kafin sayen.

A gidan fam 200,000, asalin harajin 1,500 ne. Ƙarin gida na biyu 10,000. Ƙarin wanda ba mazauni ba 4,000. Jimla 15,500, a biya cikin kwana 14 da kammala ciniki. Ba a sa wannan kuɗi cikin bashi haka kawai, tsabarsa za ka tanada.

“Wani gida” kuma ba a Birtaniya kaɗai ake nufi ba. Gidanka na Kano ko Abuja ko Maraɗi yana shiga lissafi muddin darajarsa ta kai fam 40,000, kuma miji da mata ɗaya ake ɗaukarsu, gidan ɗayansu ya shafi ɗayan. Kason gidan gado ma yana iya shiga, gwargwadon girmansa da lokacin da aka gaje shi, don haka ka faɗa wa lauyanka gaskiya tun a zaman farko. Haka sassaucin da ake yi wa mai sayen gidan farko, wato babu haraji har fam 300,000, ba ya samun wanda ya taɓa mallakar gida a ko'ina a duniya. Ƙarin kashi 2 ana iya neman a mayar in daga baya ka cika kwana 183 cikin wa'adin da doka ta tanada.

Sayen gida ba ya ba ka biza. Bizar masu zuba jari an rufe ta a Fabrairu 2022. Lauya da banki kuma za su nemi shaidar asalin kowane kwabo: bayanan asusu, takardar sayar da fili, takardun kamfani. Kuɗin da ya bi ta hannun ɗan canji ya shigo asusunka daga sunan wanda ba ka sani ba yana iya tsayar da ciniki gaba ɗaya. Ka tara takardun nan kafin ka fara neman gida, ba a fafe gora ranar tafiya.

Harajin haya, da batun saye da sunan kamfani

Kafin 2017 mai gidan haya yana cire kuɗin ruwan da ya biya daga haya kafin a yanka masa haraji. Ministan kuɗi na lokacin, George Osborne, ya canza wannan a kasafin 2015, aka aiwatar a hankali daga 2017 zuwa 2020. Yanzu ana yanka haraji kamar ba ka biya ruwa ba, sannan a yi maka rangwamen kashi 20 na ruwan.

Ga yadda yake ci. Haya fam 12,000 a shekara, ruwa 7,000, sauran kashe-kashe 2,000. Ainihin ribarka 3,000 ce. Mai biyan haraji a matakin kashi 40, a tsohon tsari 1,200 zai biya. A sabon tsari ana yanka kashi 40 a kan 10,000, wato 4,000, a cire rangwamen 1,400, ya biya 2,600. Fam 400 ya rage masa a shekara guda, kuma tukunyar ɗumama gida in ta lalace sau ɗaya ta cinye fiye da haka. Kasafin Nuwamba 2025 ya ƙara maki 2 a kan harajin kuɗin haya daga Afrilu 2027, matakan su koma 22 da 42 da 47. Ka sa shi a lissafi tun yanzu.

Wannan ne ya sa da yawa suke saye da sunan kamfani, domin kamfani yana cire ruwa a matsayin kuɗin gudanarwa, kuma harajinsa kashi 19 ne a kan ribar da ba ta wuce fam 50,000 ba. Amma ba kowa ya dace da shi ba. Kamfani yana biyan ƙarin kashi 5 ko da gidansa na farko ne, bashinsa yakan fi tsada, akwai kuɗin akanta duk shekara, kuma in za ka fitar da ribar zuwa aljihunka akwai wani harajin. Mayar da gidan da ka riga ka mallaka zuwa kamfaninka kuwa tamkar sayarwa ne a idon hukuma, da harajin saye da na riba. Kamfanin da aka yi wa rajista a wata ƙasa dole ya shiga rajistar masu mallaka na ƙetare, wadda aka kafa a 2022 bayan Rasha ta mamaye Yukiren.

In kana zaune a wajen Birtaniya, dillalin da ke karɓar maka haya zai riƙa cire harajin matakin farko kafin ya turo maka, sai in ka cike fom NRL1 hukumar haraji ta HMRC ta amince a ba ka cikakke ka biya da kanka a ƙarshen shekara.

Dokar haya ta canza, kuma ya kamata ta canza maka yadda kake zaɓen ɗan haya

Shekara da shekaru mai gida a Ingila yana iya ba ɗan haya notis na wata 2 a ƙarƙashin Sashe na 21 ba tare da ya faɗi dalili ba. Gwamnatin Theresa May ta yi alkawarin soke shi a Afrilu 2019. Ƙudurin jam'iyyar Conservative ya mutu a majalisa da aka kira zaɓe a Mayu 2024. Gwamnatin Labour ta kawo nata, ya zama doka a Oktoba 2025, aka tsayar da 1 ga Mayu 2026 ranar fara aiki. Daga nan babu haya mai ƙayyadadden wa'adi, ƙarin haya sau ɗaya ne a shekara kuma ɗan haya na iya ƙalubalantarsa, ba a karɓar fiye da hayar wata guda a gaba, ba a kuma sa masu nema su yi gwanjo a kan farashin da aka tallata. In kana son ka sayar ko ka shiga gidan da kanka, ba za ka iya fitar da mutum cikin wata 12 na farko ba, kuma notis ɗin wata 4 ne. Wanda ya daina biya, sai bashinsa ya kai wata 3 kafin kotu ta zama dole ta ba ka gidan.

A ganinmu dokar ta gyara zalunci na gaske, domin iyali da yara a makaranta bai kamata a tashe su da takarda guda ba don sun yi ƙorafin danshi. Amma tana da farashi a kan mai gida, kuma dole a lissafa shi. Ka ajiye aƙalla hayar wata 6 a gefe, domin daga ranar da aka daina biya zuwa ranar da kotu ta mayar maka da maɓalli watanni ne masu yawa, kuma bashin banki ba ya jira. Ka tantance albashi da tarihin mai nema sosai, ka duba inshorar da ke biyan haya in an gaza. Kuɗin ajiyar da ɗan haya ke bayarwa galibi ba ya wuce hayar mako 5, kuma dole ka sa shi a ɗaya daga cikin asusun da gwamnati ta amince cikin kwana 30. Wanda ya yi sakaci da wannan yana iya biyan ninki 3.

Masu son ba ɗalibai haya su lura da dokar shige da fice. Tun Janairu 2024 aka hana yawancin ɗaliban digiri na biyu zuwa da iyali, abin da ya rage zuwan 'yan Nijeriya sosai. Garin da hayarsa ta dogara da jami'a guda, sanarwa ɗaya daga ma'aikatar cikin gida tana iya sauya kasuwarsa.

Makamashi: takardar EPC da abin da ke bayan bango

Gidan da za a sayar ko a ba da haya sai yana da takardar EPC mai nuna yadda yake riƙe ɗumi, daga A zuwa G, tana aiki shekara 10, kuma kyauta ake duba ta a intanet da lambar unguwa. Tun Afrilu 2020 haramun ne a ba da hayar gidan da bai kai E ba, sai in an yi rajistar uzuri. Gwamnatin Conservative ta shirya ɗaga sharaɗin zuwa C, Sunak ya janye a Satumba 2023, Ed Miliband, ministan makamashi a gwamnatin Labour, ya dawo da shi da wa'adin 2030. Kada ka dogara da za a sake janyewa.

Kar ka tsaya a harafin, ka duba makin. C tana farawa daga 69, D daga 55 zuwa 68, E daga 39 zuwa 54. Gida mai maki 66 da mai 55 duk D ne, amma na farko ƙila auduga mai riƙe ɗumi a saman silin, kaurin milimita 270, da sabbin ƙwan fitila su ishe shi, na biyu kuwa aiki ne babba. Abin da ke raba su galibi bango ne. Gidajen da aka gina daga shekarun 1920 zuwa sama yawanci bangonsu ruɓi biyu ne da rata a tsakani, ana huda a cika ratar cikin yini guda da kuɗi kaɗan. Jerin tsofaffin gidajen zamanin Sarauniya Victoria, waɗanda suka cika Bradford da Liverpool da sassan Birmingham kuma su ne masu arha da ke jan hankalin sabon mai saye, bangonsu ɗaya ne toshe. Sai an lulluɓe shi ta waje ko ta ciki, aikin yakan kai dubban fam masu yawa, ta ciki kuma yana rage faɗin ɗaki. Kana iya ganewa daga tsarin bulo: in kana ganin dogayen bulo kawai a jere, akwai rata, in ana cakuɗa dogo da gajere, toshe ne.

Lulluɓe bango in an yi shi ba daidai ba ya fi barinsa illa. Tsohon bulo yana fitar da laima, in aka toshe shi ba a buɗe wa iska hanya ba sai danshi ya taru, fumfuna ta fito a kusurwa da bayan kabad, katakon daɓe ya fara ruɓewa. A Oktoba 2025 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya ba da rahoton cewa kusan duk gidajen da aka lulluɓe ta waje a ƙarƙashin shirye-shiryen tallafi na baya-bayan nan suna buƙatar gyara. Ka sa mai duba gini mai zaman kansa ya gani kafin aiki da bayansa.

Me ya kawo siyasa nan? Farashin lantarki a Birtaniya galibi iskar gas ce ke yanka shi, domin tashar da ta fi tsada cikin waɗanda aka kunna ita ke tsayar da farashin kowa. Shi ya sa da gas ya yi tsada, ƙayyadadden farashin da Ofgem, hukumar kula da makamashi, ke yanka wa matsakaicin gida a shekara ya tashi daga fam 1,277 a Oktoba 2021 zuwa 1,971 a Afrilu 2022, zai kai 3,549 a Oktoba ba don gwamnati ta tsayar da shi a 2,500 ba. Ɗan hayan da kuɗin wuta ya ninka masa, haya ce ke fara makara. In kuma kai ne ke biyan wuta, kamar yadda ake yi a gidan da ake haya ɗaki-ɗaki, kai tsaye daga ribarka ake cira. Ofgem na sabunta farashin duk wata 3.

Akwai tallafin fam 7,500 ga mai maye tukunyar gas da na'urar ɗumama mai aiki da lantarki, wadda ke jawo ɗumi daga iskar waje. Tana da kyau a gidan da ke riƙe ɗumi, amma ruwanta bai kai na gas zafi ba, don haka sau da yawa sai an canza ƙarafan ɗumama ɗaki zuwa manya. Ka tabbata an amince da tallafin kafin ka ba da kwangila. Wani shirin tallafin gyaran gidaje da aka buɗe a Satumba 2020 an rufe shi a Maris 2021, masu gida da 'yan kwangila da yawa suka rage a tsakiya.

Mai son gini: izini, da lissafin kuɗin fili

Tun dokar 1947 mallakar fili a Ingila ba ta ba ka ikon gini. Izini na hannun ƙaramar hukuma, kuma a nan siyasa ta fi kusa da kai. A ƙa'ida ana yanke hukunci cikin mako 8 a ƙaramin aiki, 13 a babba, amma ya zama ruwan dare a nemi ka yarda da ƙarin lokaci. Izinin da aka ba ka yana mutuwa bayan shekara 3 in ba ka fara ba. Mafi yawan buƙatu ma'aikata ne ke yanke su, amma in maƙwabta suka yi ca, sai a kai gaban kwamitin kansiloli, su kuwa ƙuri'ar unguwa suke kallo. Zaɓen ƙananan hukumomi galibi Alhamis ta farko ce a Mayu. Kada ka bari buƙata mai jayayya ta faɗo gaban kwamiti a Maris ko Afrilu.

Manufar ƙasa ma tana lilo. Shirin sassauta dokar izini ya mutu bayan Conservative ta rasa kujerar Chesham da Amersham a zaɓen cike gurbi na Yuni 2021. Ministan gidaje na lokacin, Michael Gove, ya mayar da adadin sabbin gidajen da ake ɗora wa ƙananan hukumomi na shawara kawai a Disamba 2023. Labour ta yi alkawarin gida miliyan 1.5, ta mayar da adadin ya zama tilas a Disamba 2024, kusan 370,000 a shekara, ta kuma buɗe ƙofar gini a sassan da ba su da amfani sosai na koren zobe, wato filayen da ke kewaye da birane waɗanda aka taƙaita gini a cikinsu. Amfanin wannan gare ka shi ne: ka bincika ko ƙaramar hukumar tana iya nuna filayen da za su ishe ta shekara 5. In ba ta iya ba, ma'auni yana karkata wajen mai neman izini, kuma ɗaukaka ƙara zuwa hukumar sufetocin tsara gari yana da ƙarfi.

Kuɗin fili daga ƙarshe ake lissafo shi, ba daga abin da mai fili ya nema ba. A misali, gida 4 kowanne zai sayu fam 250,000, jimla miliyan 1. Cire gini 560,000, kuɗin masu zane da lauyoyi da gudummawar da ƙaramar hukuma ke karɓa 70,000, ruwan bashi 60,000, kuɗin sayarwa 20,000, ribarka 180,000. Abin da ya rage, 110,000, shi ne iyakar kuɗin filin. Yanzu ka sa farashin gidaje ya sauka kashi 5, kuɗin gini ya hau kashi 5: fam 78,000 sun fita daga ribarka, kusan rabinta. Kuɗin gini kuwa yana jin siyasa, domin ficewa daga Tarayyar Turai ta rage magina daga gabashin Turai, kuma a Afrilu 2025 kason inshorar ƙasa da mai ɗaukar ma'aikata ke biya ya tashi daga kashi 13.8 zuwa 15. Shi ya sa gogaggu ba sa biyan kuɗin fili sai izini ya fito. Suna ƙulla yarjejeniya mai sharaɗi, ko su biya ɗan kuɗi su riƙe haƙƙin saye na wani lokaci.

Abubuwa uku sukan tsayar da aiki bayan an ɗauka komai ya kammala. Tun 2024 yawancin ayyuka sai sun nuna ƙarin kashi 10 na tsirrai da halittun wurin, a kula da su shekara 30, don haka kada ka share fili kafin masani ya auna shi. A yankunan ƙananan hukumomi fiye da 70 an daɗe ana riƙe izini saboda gurɓatar koguna, kuma yunƙurin soke sharaɗin ya faɗi a majalisar dattawa a Satumba 2023. Na uku layin wuta: a 2022 an gargaɗi magina a Hillingdon da Ealing da Hounslow a yammacin Landan cewa layin ya cika. Ka nemi ƙiyasin haɗa wuta da ruwa a rubuce kafin ka sa hannu.

Mai son mayar da gida na haya ɗaki-ɗaki ya fara duba ko akwai umarnin Sashe na 4 a unguwar, wanda ke tilasta neman izini. Birmingham da Manchester duk sun shimfiɗa shi a faɗin gari. Mutum 5 ko fiye daga iyali daban-daban sai da lasisi, kuma ɗakin babba ɗaya ba ya gaza murabba'in mita 6.51. Wanda aka kama ba lasisi, ban da tara, ana iya sa shi ya mayar da hayar da ya karɓa.

Fulat, da ranar sayarwa

Yawancin fulat a Ingila mallakar wa'adi ce, ba ta dindindin ba. In shekarun da suka rage suka gaza 80, kuɗin tsawaitawa yana tsalle, bankuna kuma su fara ja da baya. Dokar Mayu 2024 ta tanadi sauƙaƙa wannan, amma zama doka daban, ranar fara aiki da kowane sashe daban, don haka ka sa lauya ya tabbatar da abin da ke aiki a ranar cinikinka. Bayan gobarar dogon benen Grenfell a Landan ta 14 ga Yuni 2017, wadda ta kashe mutum 72, dogayen gine-gine masu rufin bango mai kama wuta sun zama da wuyar samun bashi. Ka nemi fom EWS1 mai nuna ko rufin bangon ginin yana da haɗarin gobara, da lissafin kuɗin hidimar ginin na shekara 3 da suka wuce, da duk wani babban gyara da aka shirya.

In ka sayar da riba, harajin kashi 18 ne ko 24 gwargwadon samunka, bayan an yafe fam 3,000 na farko, kuma cikin kwana 60 ake kai rahoto a biya. Wanda ba mazauni ba dole ya kai rahoton ko da bai ci riba ba, in ya makara akwai tara. Ka adana rasit na harajin saye da kuɗin lauya da duk aikin da ya ƙara wa gidan daraja, kamar ƙarin ɗaki ko lulluɓe bango, domin ana cire su daga ribar kafin a yanka haraji, kuma HMRC ba ta karɓar abin da babu takardarsa.